Akuya Ɗaya, Tiya Nawa?

   

Ni ɗan Azagor ne, cikin ƙasar Dakoro, jihar Maraɗi. Garinmu yana arewa, wajen kwarin Tarka, inda gonaki su ke ƙarewa, makiyaya ta soma. Abzinawa da Fulani da Hausawa duk muna shan rijiya ɗaya. Allah ya sa na yi lakkwal. Daga nan na wuce Dakoro, na wuce Maraɗi, har na kai babbar makaranta ta Yamai, wadda a ke kira Jami'ar Abdu Mumuni. Tana ƙetaren kogin Isa. In ka fito daga tsakiyar gari sai ka bi ta gadar Kennedy.

Abin da na karanta can shi ne ilimin tattalin arziki. Ilimin nan kashi biyu ne. Kashi na farko yana duba gida ɗaya, ko ɗan kasuwa ɗaya: me ya samu, me ya saya, me ya sayar. Kashi na biyu yana duba ƙasa duka a lokaci guda, kamar yadda shaho ya ke ganin gari daga sama. Da Faransanci ana ce masa makro-ekonomi. A kan wannan na biyun na ke son mu yi hira yau, don ya shafi akuyar da ke ɗaure a gidanka.

Wani zai ce: "To, mene ne bambanci? Ai ƙasa gidaje ce da yawa. In ka san lissafin gida ɗaya, ka san na ƙasa." A'a, ba haka ba ne. Nan ma ilimin ya ke da daɗi.

Ga misali. Damana ta yi gardama. Ciyawa ba ta fito ba. Mutum ɗaya ya duba garkensa, ya ce: "Bari in sayar da awaki biyar in sayi hatsi, tun ba su rame ba." Wannan mutum ya yi hankali. Ba wanda zai zarge shi. To, amma a ce duk mutanen Azagor sun yi wannan tunani. Na Rumbu sun yi, na Barmo sun yi, na Gadabeji sun yi. Ranar kasuwar Sakabal kowa ya koro bisashensa. Masu sayarwa dubu, masu saye goma. Me zai faru? Dillali ya taya yadda ya ga dama. Kuɗin akuya ya faɗi ƙasa. Kuma duk mutanen nan, in sun sayar, wurin mai hatsi za su nufa. Mai hatsi ya ga taro, ya ƙara kuɗi. Wanda ya yi niyyar sayar da awaki biyar, sai ya sayar da goma. Ƙarin da ya kawo kuma ya sake karya kasuwa.

Kun gani? Kowa ya yi daidai a gidansa, amma da aka haɗu an cuci juna, ba da nufi ba.

Ranar da malaminmu ya yi wannan darasi, bai yi zancen akuya ba. Zancen wani masani ɗan Ingila ya yi. Sunansa Keynes, ana faɗinsa Kens. A shekarar 1929 kasuwa ta karye a Amurka, masifar ta bazu cikin ƙasashen Turawa. Masana'antu suka rufe. Mutane miliyoyi suka rasa aiki. Kowa ya ji tsoro, ya ƙulle kuɗinsa, ya daina saye. Da aka daina saye, masu sayarwa suka rasa ciniki, suka kori ma'aikata. Waɗanda aka kora su ma suka daina saye. A 1936 Kens ya fitar da littafi. Ya nuna cewa kuɗin da ka kashe, shi ne samun wani. In kowa ya ƙulle hannunsa rana ɗaya, kowa zai talauce. A irin wannan lokaci, in ji shi, sai hukuma ta shigo ta yi abin da mutum ɗaya ba ya iyawa.

Ina zaune cikin ɗalibai, malam yana zancen Ingila, ni kuwa shekarar 2005 na ke gani. Lokacin ina yaro, amma ban manta ba. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Hatsi ya yi kaɗan, ciyawa ta yi kaɗan. Kafin damanar 2005 ta yi nisa, buhun hatsi mai kilo 100 ya kusa jika 30 a kasuwanni da yawa. Bisashe kuwa ba mai tayawa. Abin da ya fi ba ni mamaki da na girma shi ne wannan: kasuwa ba ta rasa hatsi ba. Buhuna suna nan jibge. Kuɗin saye ne babu. Wani hatsin ma kudu ya nufa, don a Najeriya ya fi tsada a shekarar. A garin Dakoro sai da likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa. Mu da muka ga wannan da idonmu, ba mu bukatar dogon bayani.

Da na zo hutu, na zauna da kawuna a gindin adua. Shi makiyayi ne, bai taɓa shiga aji ba. Na ce masa: "Kawu, in kun ga damana ta yi gardama, ku riƙa sayar da bisashe tun da kaka, suna da ƙiba."

Ya yi shiru yana juya shayi. Can ya ce: "Ɗana, in ni kaɗai na ji wannan shawara, na ci riba. In duk Tarka ta ji, ai ranar faɗuwar kasuwa kawai muka matso da ita kusa."

Na ce: "Kawu, abin da ku ka faɗa, shi a ke koya mana wata uku."

Ya yi dariya, ya ce to a ba shi takardar shaida.

Maganar kawu gaskiya ce, ko da ya ke sayarwa da kaka ta fi, don dabba mai ƙiba ta fi ramammiya daraja ko a kasuwar da ta faɗi. Amma maganin babbar matsala ba ya hannun mutum ɗaya. Shi ya sa a ke da OPVN, ma'aikatar da aka kafa a 1970 don ajiyar cimaka. In tsada ta yi yawa, ta kan fito da hatsi ta sayar da rahusa. Shi ya sa kuma a farin 2010 hukuma da ƙungiyoyi suka riƙa sayen bisashen da suka raunana, a yanka, a raba nama. Mai dabba ya samu kuɗi, kasuwa ta ɗan numfasa. Bankin hatsi na gari shi ma ɗan ƙaramin OPVN ne. A saya da kaka, a ajiye, a fito da shi da bazara. Ni a ganina, garin da ya riƙe bankin hatsinsa da amana ya fi garin da ke da attajiri ɗaya.

Bari in ba ku labarin yadda a ke karatun. Ɗakin babba ne, kujeru hawa hawa. Ɗalibai ɗaruruwa. Malam yana can ƙasa da allo, yana magana da Faransanci, mu muna rubutu da sauri. Wata rana ya rubuta wannan:

Y = C + I + G + X − M

Ku da ku ka koyi baƙaƙe kwanan nan, kun san kowane a cikinsu. Kada su ba ku tsoro. Ni da na koma ɗaki da dare, sai na mai da su rumbu.

Y shi ne duk abin da ƙasa ta samar cikin shekara: hatsi, wake, albasa, bisashe, gishirin Bilma, ɗinkin tela, aikin direba. Kamar a ce dame nawa aka ɗaure bana. C shi ne abin da aka ci, aka sha, aka sa a jiki. I shi ne abin da ba a ci ba, aka sa shi inda zai haifi wani: rijiya, amalanke, garma, sabon rumbu. G shi ne abin da gwamnati ta kashe, kamar albashin malami da allurar shanu. X shi ne abin da aka fitar waje aka sayar. M shi ne abin da aka sayo daga waje, kamar shinkafa da sukari da ganyen shayi. Ana cire shi don ba mu muka samar da shi ba.

Shi ke nan. Duk maigidan da ya taɓa tsayawa gaban rumbu yana cewa "wannan na ci, wannan na iri, wannan na lanho, wannan na kasuwa", ya san hanyar wannan lissafi.

Jimlar nan ta Y, ma'aikata suna kiranta PIB. Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke lissafa ta. A Nijar, noma da kiwo su ke kawo wajen kashi 40 cikin 100 na wannan jimla. Don haka in damana ta yi kyau, lissafin ƙasa ya hau. In ta ɓaci, ya sauka. Ku manoma da makiyaya, kada wani ya ce muku ba ku cikin lissafi. Sai dai a tuna da masu cin tuwon. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17. In rumbu ya ƙaru, bakuna kuma suka ƙaru fiye da shi, rabon kowa raguwa ya yi.

Darasi na biyu da ya zauna mini shi ne na kuɗi. Kuɗi ba dukiya ba ne, ma'auni ne, kamar tiya. Amma tiyar ƙarfe ba ta canzawa. Kuɗi kuwa yana ƙanƙancewa a aljihunka kana barci.

A ce bara ka sayar da akuya jika 20. Tiyar hatsi tana dala 80. Ka auni tiya 50. A ce bana ka sayar da irin wannan akuya jika 24. Ka dawo gida kana murna, kasuwa ta yi kyau. Amma tiya ta koma dala 120. Tiya 40 za ka auna. Kuɗi sun ƙaru da jika 4, tuwo ya ragu da tiya 10. Wannan shi a ke kira hauhawar farashi. Saboda haka in an tambaye ka yadda kasuwa ta ke, kada ka tsaya ga jika nawa. Ka ce akuya ɗaya, tiya nawa.

Su wa ke kula da darajar kuɗinmu? Akwai babban banki da a ke kira BCEAO. Hedikwatarsa tana Dakar, ƙasar Senegal. Shi ke fitar da sefa da a ke kashewa a ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma. Aikinsa ya hana kuɗi su yi yawa fiye da kaya. In takardun kuɗi suka yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, tsada ce za ta biyo. Kamar fura ce: in ka ƙara ruwa, ƙwarya ta cika, amma ba ta ƙara ƙosarwa ba.

Dattawa suna tuna watan Janairu na 1994. A Dakar aka yanke shawara, aka karya darajar sefa da rabi. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa dala 10 ne. Da gari ya waye ya koma dala 20. Ba wanda ya taɓa kuɗin da ke ƙulle a bakin zanen tsohuwa, amma abin da za su saya na waje ya ragu. Magani ya yi tsada, sukari ya yi tsada, yadi ya yi tsada. A shekarar, farashin kaya a Nijar ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100. Sai dai ba kowa ya yi kuka ba. Baƙi masu sayen shanu sun ga bisashenmu sun yi musu araha, suka ƙara saye. Mahaifina ya kan ce a shekarar sa ya yi daraja, amma shayi ya gagara. Tun 1999 an ɗaure sefa ga kuɗin Turai, yuro. Yuro ɗaya dala 131 ne da ɗan ɗoriya.

Mu mutanen jihar Maraɗi muna da wani kuɗin da ya dame mu, ko da ba ma riƙe shi. Shi ne naira. Ragon da aka saya a Sakabal ko Dakoro, sau da yawa kudu za shi. Ya bi ta Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa, ya shiga Jibiya, ya wuce Katsina ko Kano, wani har Legas. Mai sayensa na ƙarshe da naira zai biya. In naira ta faɗi, ɗan kasuwa ya kai nairarsa wurin ɗan canji, ya samu sefa kaɗan. Da sefa kaɗan zai dawo kasuwarmu. Sai ya taya rago da arha. Haka aka yi a 2016, da man fetur ya faɗi a duniya, naira ta bi shi. Makiyayin da bai taɓa ganin rijiyar mai ba, ya ji abin a jikinsa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023 aka sake rufewa, har zuwa farkon 2024. Kowane karo, mai dabba da mai wake sun sha wuya.

To, in dillali ya ce maka "kasuwa ta faɗi", wani lokaci wayo ne, wani lokaci gaskiya ce. Mai sauraron rediyo ya fi gane wanne ne. Akwai ma'aikata masu zagaya kasuwanni suna rubuta farashin hatsi da na bisashe. Ka tambayi kuma yadda canjin naira ya kwana, kafin ka kama igiyar ragonka.

Baitulmalin gwamnati ma mun karanta shi. Ba zan daɗe a nan ba. A 1971 aka soma haƙar ƙarfen uraniyom a Arlit. Wajen ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, ƙarfen ya yi tsada a duniya. Kuɗi suka shigo, aka yi hanyoyi da gine-gine, aka ci bashi da zaton gobe ma haka ne. Da aka shiga shekarun 1980 farashin ya faɗi. Bashi kuwa bai faɗi ba. Ga farin 1984 ya zo a kai. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Wani zai ce ina ruwan makiyayi da albashin malami? Da ruwansa. Malami in ya karɓi albashi, ya sayi nama. Mahauci ya sayi akuyarka. Kai ka biya tela. Tela ya sayi fura wurin matarka. Jika ɗaya ta zaga gida biyar. In ta tsaya a gidan farko, sauran huɗun sun ji shiru.

Akwai inda ni da littattafan ba mu shirya ba. Yawancinsu a Turai da Amurka aka rubuta su, don mutanen da ke aikin albashi. Suna da babi mai tsawo a kan rashin aiki, ba su da ko shafi ɗaya a kan rashin ruwan sama. Alhali mu nan, hadarin watan bakwai ya fi kowane banki iko. Kuma lissafin PIB ba ya ganin wasu abubuwa. Dakan da innata ta ke yi tun asuba, da girki, da renon yara, ba a sa su ciki, don ba a biyanta. In da a gidan abinci ta yi wannan aiki, da an lissafa. Ba ya ganin habbanaye na Fulani, inda mutum zai ba ɗan'uwansa aron saniya, ta haihu, ya riƙe ƴaƴan, ya mai da uwar. Wannan al'ada ta tada gidaje da yawa bayan farin 1973 da na 1984. Ba banki, ba takarda, ba ruwan kuɗi. Ina ganin ya kamata ɗaliban ƙasarmu su rubuta nasu littattafan, su sa waɗannan ciki. Duk da haka ban raina abin da na koya ba. Ya nuna mini igiyar da ta ɗaure Azagor da Jibiya da Dakar.

Yanzu ga abin da na ke roƙonku, ku da hannunku ya soma sabawa da bik. Ku samu kaye ɗaya, ko na dala 20 ne. Ku ja layi uku. A na farko ku rubuta ranar kasuwa. A na biyu ku rubuta kuɗin tiyar hatsi. A na uku ku rubuta kuɗin matsakaiciyar akuya. Ku yi haka kowace kasuwa, daga kaka zuwa kaka. In mutum ɗaya ba zai iya ba, ajinku ya riƙe kaye guda, a riƙa karɓa-karɓa. Mata su ma su rubuta, don sau da yawa awakin gida nasu ne. Bayan shekara za ku ga watan da akuya ta fi sayen hatsi, da watan da ta fi kasawa. Masu kula da bankin hatsi za su san lokacin saye. Ni ma ina da irin wannan kaye, ƙanena ke cika mini shi in ba na gari.

Ga lissafi ku gwada a aji tare da malaminku. Ku tuna jika ɗaya dala 200 ce.

Da kaka, akuya tana jika 20, tiya tana dala 100. Akuya ɗaya, tiya nawa?

Da bazara, akuyar ta rame, ta koma jika 15. Tiya ta hau dala 150. Akuya ɗaya, tiya nawa?

Maigida yana bukatar tiya 120 kafin sabon hatsi ya nuna. Awaki nawa zai sayar in da kaka ne? Nawa zai sayar in ya bari sai bazara?